Tambayoyinku da Amsoshinmu: A Ina Za Mu Adana Bayanan da Ba Ma Son Su Salwanta?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan kusan duk sun taru a kan damuwa guda, wato wace na'ura ce mutum zai zuba wa muhimman bayanansa, ya kulle ta a wuri, sannan ya dawo bayan shekara goma ko ashirin ya tarar da komai yadda ya bar shi. Mun zaɓi shida daga cikinsu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu aikowa kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne a Zariya, kuma na daɗe ina ɗaukar hotuna da bidiyon bukukuwan aure da suna. Aikin da na tara ya doshi terabait uku, yana warwatse a cikin filas da memori masu yawa da nake ajiyewa a akwati. Wani abokin sana'ata ya ce in sayi babbar na'urar ajiya ta SSD in zuba komai, tunda babu abin da ke juyawa a cikinta balle ya lalace. Shin wannan shawara ta yi, idan ina son aikin ya kai shekara ashirin?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Abokin sana'arka ya yi gaskiya da ya ce babu abin da ke juyawa a cikin SSD, kuma wannan ne ya sa take jure faɗuwa da jijjiga, take kuma da sauri wajen aiki. Sai dai ajiya ta shekara ashirin wani batu ne daban. Filas da memori da SSD dangi ɗaya ne: dukkansu suna riƙe bayanai ne ta hanyar kulle ɗan cajin lantarki a cikin biliyoyin ƙananan gurabe, kuma wannan caji yana zurarewa sannu a hankali idan aka bar na'urar ba wuta, kamar yadda ruwan tulu ke raguwa ko da ba wanda ya sha. Zafi yana ƙara wa zurarewar sauri ƙwarai.

Ƙungiyar JEDEC, wadda ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan kayan lantarki, ta gindaya sharaɗin cewa SSD ta amfanin gida, wadda aka yi ta rubutu a kanta har ta cinye adadin da aka ƙayyade mata, dole ta iya riƙe bayanai na shekara 1 ba tare da wuta ba a ma'aunin zafi 30, yayin da ta manyan cibiyoyi aka nemi ta riƙe na wata 3 a ma'aunin zafi 40. Sabuwar SSD da ba a gajiyar da ita ba tana wuce haka nesa, amma abin lura shi ne iyakar alkawarin ke nan, kuma an ƙulla shi ne a kan yanayin da akwatinka, in yana ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, zai zarce shi kowace rana. Ƙari a kan haka, masu ƙerawa sun rage farashi ne ta hanyar cusa bayanai da yawa a gurbi ɗaya. Nau'in da ake kira QLC yana bambance matakan caji 16 a cikin gurbi guda, saboda haka zurarewa kaɗan ta isa ta rikita wani mataki da maƙwabcinsa. Filas da memori kuwa galibi da mafi arhar wannan kaya ake yin su, domin an yi su ne don ɗaukar fayil daga wuri zuwa wuri.

Ga mai terabait uku, abin da ya fi dacewa da aljihu da kuma buƙata shi ne faifan ajiya mai juyawa, wanda masu gyaran kwamfuta ke kira had disk. Shi yana rubuta bayanai ne da maganaɗisu a kan faranti, kuma rubutun ba ya buƙatar wuta kafin ya zauna. Rauninsa yana cikin ƙarafansa: faranti yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, allurar karatu tana shawagi daf da shi, don haka faɗuwa ɗaya daga kan tebur yayin da yake aiki na iya gamawa da shi. Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda tun 2013 yake wallafa alƙaluman mutuwar faifan da ke cibiyoyinsa, yana samun cewa tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne ke mutuwa a shekara, kuma wannan a ɗakuna masu sanyi da wuta tsayayyiya ke nan. Haka kuma a 2024 kamfanin Iron Mountain, mai ajiye wa masana'antu kayan tarihi, ya bayyana cewa kusan kashi 20 cikin 100 na faifan shekarun 1990 da masu harkar kiɗa suka kawo masa ba sa karantuwa. Ke nan shi ma ba na'urar da za a rufe a manta ba ce.

Shawarata ita ce ka sayi faifai biyu masu terabait 4 kowanne, kuma kada su zama tagwaye da aka ƙera rana ɗaya. Kamfanoni uku ne suka rage masu ƙera irinsu a duniya, wato Seagate da Western Digital da Toshiba, don haka ɗauki ɗaya daga wannan, ɗaya daga wancan. Ka zuba dukkan aikin a kan kowanne, ka bar ɗaya a shago, ka kai ɗaya gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa. Sau ɗaya ko biyu a shekara ka jona kowanne, ka buɗe fayiloli daga tsofaffi da sababbi, ka saurara ko akwai wata ƙara da ba ka saba ji ba. Idan faifai ya kai shekara biyar, ka sayi sabo ka kwashe komai tun tsohon yana da lafiya. Shekara ashirin ɗin da kake nema da haka ake samun ta, ta hanyar sauya faifai sau uku ko huɗu a tsawon lokacin. SSD kuma ka riƙe ta don aikin tace bidiyo na yau da kullum, inda saurinta ke da amfani. Kada ka jona faifan ajiya lokacin da wuta ke rawa ko ana shirin tayar da janareto, ka sa shi cikin akwatin roba mai murfi saboda ƙurar hunturu, tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima saboda damina, kuma kada ka bar shi a cikin mota da rana.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Damagaram. Na sayi filas da aka rubuta terabait 1 a jikinsa da kuɗi kaɗan, na zuba littattafai da laccoci. Sunayen fayilolin suna nan, amma da yawa ba sa buɗewa. Ƙwayar cutar kwamfuta ce ta kama shi?

AMSA: Malama, alamun da kika bayyana sun fi kama da na jabun filas. Masu yin sa suna ɗaukar ƙaramin filas, ƙila mai gigabait 8 ko 16, su sauya bayanin da yake ba kwamfuta game da girmansa, sai ya riƙa iƙirarin terabait 1. Kwamfuta tana yarda da abin da aka faɗa mata, ta ci gaba da tura fayiloli, shi kuma idan ainihin cikinsa ya cika sai ya riƙa zubar da sababbi ko ya rubuta su a kan na farko, yana barin sunayen kawai a jeri. Abin takaicin shi ne fayilolin da ba su sami gurbi ba babu manhajar da za ta dawo da su, domin tun farko ba a rubuta su ba, saboda haka ki nemi asalinsu wurin waɗanda kika karɓa tun suna da su. Nan gaba, duk filas ko memorin da kika saya ki gwada shi kafin ki ba shi amana. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika na'urar da bayanan gwaji sannan ta karanta su, ta faɗa miki ainihin girman. Gwajin yana cin lokaci, amma ya fi asarar karatun zango. Farashin da ya yi ƙasa fiye da kima shi ne alama ta farko, kuma ko filas na gaskiya ne, kada ya zama shi kaɗai ke ɗauke da kundin bincikenki.

TAMBAYA: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar kaset-kaset na karatun tafsiri da ya gabatar, sun kai 200, yawancinsu masu minti 90. Muna son mayar da su kwamfuta mu adana wa jikoki. Wani ya ce mu buga su a faifan CD, wani kuma ya ce akwai faifan da ke shekara dubu. Wanne za mu bi? Daga wani magidanci a Gusau.

AMSA: Amin, Allah ya jiƙan Malam ya sa karatun ya zame masa sadaka mai gudana. Alhaji, kafin batun faifai akwai abin da ya fi gaggawa, shi ne kwashe sautin daga kaset ɗin. Zaren kaset yana manne wa juna, yana yin fumfuna da laima, yana kuma tsinkewa, amma abin da ya fi wannan tsoratarwa shi ne ƙarewar na'urorin da ke kunna shi. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu adana sauti da bidiyo ta duniya sun yi gargaɗin cewa zuwa wajen 2025 samun na'urori masu lafiya da kayan gyaransu zai yi matuƙar wuya, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar kaset ɗin bidiyo, ya daina tun 2016. Saboda haka ku nemi rikoda mai kyau yanzu, a tsabtace kan da ke karanta zaren, a jona ta da kwamfuta ta kebul maimakon a kanga wayar hannu a bakin lasifika, a ɗauki kowane kaset a tsarin WAV, wanda ba ya zubar da komai daga sautin. Daga wannan asali ne za ku fitar da MP3 don rabawa ta WhatsApp. Kaset 200 masu minti 90 awa 300 ke nan, kuma a ingancin CD da layin sauti guda za su ci abin da bai kai gigabait 100 ba. Kada ku zubar da kaset ɗin bayan an gama, kuma ku sa wa kowane fayil suna mai ma'ana, da sura da aya da shekara da masallacin da aka yi karatun, domin jikan da zai buɗe shi ba zai sami wanda zai tambaya ba.

Faifan CD da DVD da ake bugawa a gida sun bambanta da waɗanda ake bugowa daga masana'anta. Na gida suna da wani siririn rini a ciki wanda hasken na'ura ke ƙonawa don yin rubutu, kuma rinin yana dusashewa da hasken rana da zafi da laima. Wannan ne dalilin da ya sa faifan biki na shekarun 2000 da yawa suke tsalle ko su ƙi buɗewa a yau, musamman masu arha marasa sunan kamfani. A faifan CD rubutun yana daf da saman da ake rubuta suna, don haka biro mai tsini ko takarda mai gam a wannan gefe sun fi ƙarzuwar ɗaya gefen illa. Ga girma kuma, CD ɗaya megabait 700 kawai yake ɗauka, wato aikinku zai ci faifai fiye da ɗari.

Faifan da aka ba ku labari shi ne M-DISC, wanda kamfanin Millenniata na Amurka ya fito da shi a 2009. Maimakon rini, yana da wani shafi mai kama da dutse da ake sassaƙa rubutu a kai, kuma a gwajin da wata cibiyar sojojin ruwan Amurka ta yi a ma'aunin zafi 85 da laima kashi 85 cikin 100, ya tsira inda sauran faifan DVD suka lalace. Shekara dubun kuwa lissafin masu sayarwa ne da aka ciro daga irin waɗannan gwaje-gwajen gaggawa, kuma ni ban ga amfanin jayayya a kansa ba, tunda na'urar karanta faifan ba za ta kai ko kusa ba. Yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba sa zuwa da wurin sa faifai, kuma kamfanin Sony ya daina ƙera faifan Blu-ray na bugawa a farkon 2025. Ingila ta ga irin wannan: a 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar ƙasar a kan wasu manyan faifan haske don cikar shekara 900 da wani kundin ƙidayar filaye na 1086, amma zuwa 2002 da ƙyar ake samun na'urar da za ta karanta faifan, sai da masana suka yi aikin ceto, alhali kundin fata na asali yana nan ana karanta shi a ma'ajiyar tarihin ƙasar.

Duk da haka faifan haske yana da wata fa'ida da ta dace da ku, wato abin da aka buga a kansa ba ya gogewa bisa kuskure, ƙwayar cutar kwamfuta ba ta iya taɓa shi, hauhawar wutar lantarki ba ta ƙona shi. Idan za ku iya samun M-DISC ko Blu-ray mai inganci na gigabait 25, faifai biyar sun ishe ku kwafi guda. Ku buga kwafi biyu, ku sayi na'urar karantawa ta waje ku ajiye tare da su, a tsaye cikin kwansonsu, a wuri mai duhu da sanyi. Amma su zama ƙari ne a kan faifan ajiya mai juyawa, kuma ku raba kwafi ga 'yan'uwa da ɗaliban Malam a garuruwa daban-daban. Karatun da ke hannun mutum goma ya fi wanda ke cikin akwati ɗaya tsira, ko da akwatin na ƙarfe ne.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Lissafin bashi da hotunan rasit da takardun shigo da kaya duk suna Google Drive, sauran kuma suna WhatsApp. Yarona ya ce abin da ke intanet ba ya ɓacewa. Akwai buƙatar in ƙara wani abu?

AMSA: Alhaji, ajiya a rumbun intanet abu ne mai kyau, kuma ta magance matsalar da faifan da ke cikin shago ba zai magance ba. Duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, ko ambaliyar da ta shafe unguwannin Maiduguri bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumban 2024, ya san cewa kwamfuta da kwafin ajiyarta in suna ɗaki ɗaya tare suke tafiya. Manyan kamfanoni kuma suna rarraba bayanai a kan faifai da yawa, don haka mutuwar faifai ɗaya ba ta shafarka.

Amma maganar yaronka ba ta cika ba. Haɗarin da ya fi kusa da kai shi ne rasa hanyar shiga asusun, ko dai ta manta kalmar sirri, ko ta faɗawa hannun 'yan damfara, ko kuma ta rasa layin wayar da aka buɗe asusun da shi, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin sadarwa na iya sayar wa wani. Na biyu, ƙa'idoji suna sauyawa. Google na ba da gigabait 15 kyauta da Gmail da Drive da hotuna ke rabawa, tun 2024 kwafin WhatsApp na wayoyin Android shi ma ana lissafa shi a ciki, kuma daga Disambar 2023 kamfanin ya ba kansa damar goge asusun da aka shekara 2 ba a shiga ba. Idan wurin ya cika, sabon kwafi yana tsayawa, mai waya kuma ba lallai ya lura ba. Idan kana biyan kuɗin ƙarin wuri, ka tuna shekarun da bankunan Najeriya suka dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a ƙetare. Na uku, su kansu kamfanonin suna kuskure. Shafin sada zumunta na MySpace ya amsa a 2019 cewa ya rasa waƙoƙi kusan miliyan 50 da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 yayin sauya na'urori. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, abokan hulɗar da ba su da kwafi a wani wuri suka yi asara. A watan Mayun 2024 wani kuskuren saiti a Google ya goge asusun UniSuper, wani babban asusun fansho na Ostareliya, kuma kwafin da suka ajiye wurin wani kamfani daban ya taimaka wajen farfaɗo da su.

Akwai kuma ranar da bayanan suna nan lafiya amma ba ka iya kai wa gare su, kamar yadda mutanen Zamfara suka gani lokacin da aka rufe layukan sadarwa a watan Satumban 2021, ko kuma lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma a watan Maris na 2024. Sannan ka sani cewa folda da ke daidaita kanta da intanet tana kwaikwayon kuskurenka ne nan take: in yaron shago ya goge fayil a waya, ya goge a can ma, kuma kwandon shara na Drive kwana 30 kawai yake riƙewa. WhatsApp kuwa hanyar aika saƙo ce, bai kamata ya zama littafin bashi ba.

Masu wannan fanni suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi 3, a kan nau'in ma'ajiya 2, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Kai ka riga ka mallaki na nesan. Abin da ya rage shi ne duk ƙarshen wata a sauke komai a kan faifan da ke gida, a kuma buga lissafin manyan basussuka a takarda.

TAMBAYA: Ina kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Kaduna. Muna da na'urar ajiya mai faifai biyu da ke kwafar juna, tana jone dare da rana. Na karanta cewa manyan cibiyoyi da tef suke ajiya. Mu koma tef ne, ko abin da muke da shi ya wadatar?

AMSA: Injiniya, faifai biyu masu kwafar juna, wato tsarin RAID, suna kare ku ne daga abu guda, shi ne mutuwar ɗayansu. Idan ma'aikaci ya goge bayanan marasa lafiya, ko tsawa ta bi waya ta ƙona na'urar, ko ɓarawo ya ɗauke ta, ko manhajar garkuwa da bayanai ta shigo ta kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa, faifan biyu tare za su tafi. Harin WannaCry na watan Mayun 2017 ya tsayar da aiki a asibitoci da dama na Ingila, kuma irin waɗannan manhajoji suna bin duk wata ma'ajiya da ke jone da kwamfutar da suka kama. Don haka abin da kuka rasa shi ne kwafin da ba ya jone da komai.

Tef na LTO, wato kaset na musamman na ajiyar bayanan kwamfuta, shi ne amsar manyan cibiyoyi ga wannan buƙata, kuma yana da tarihi mai kyau. Zubin farko ya fito a 2000 da gigabait 100, zubi na tara da ya fito a 2021 yana ɗaukar terabait 18, masu ƙerawa kuma suna ba shi har shekara 30 idan an ajiye shi a ɗaki mai daidaitaccen sanyi da laima. Lokacin da wani kuskuren manhaja ya share wasiƙun wasu masu Gmail a 2011, daga tef aka dawo da su. Amma ban ga dacewarsa da ƙaramin asibiti ba. Na'urar da ke rubuta shi tana cin dubban daloli, tana ƙin ƙura, mai gyaranta yana da wuyar samu, kuma tun daga zubi na takwas sabuwar na'ura ba ta karanta tef ɗin da ya girme ta da fiye da zubi ɗaya, wato ko mai tef dole ya riƙa ƙaura. Tef yana fara arha ne ga mai gomman terabait zuwa sama.

Abin da zai yi muku aiki shi ne faifan waje guda uku da za ku riƙa juyawa: ɗaya ana kwafa a kansa a wannan mako sannan a cire shi, ɗaya yana kulle a ofishin shugaban asibiti, ɗaya yana wajen ginin gaba ɗaya. Tunda bayanan lafiya ne, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora muku nauyin tsare su, ku kulle faifan da manhajar BitLocker ko VeraCrypt, mabuɗin kuma ya kasance a rubuce a hannun mutum biyu masu alhaki. Abin da na fi jaddada maka shi ne gwajin dawo da bayanai. A ƙarshen watan Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban rumbun bayanansu bisa kuskure, da aka waiwayi hanyoyin ajiya biyar da suke taƙama da su sai aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata, wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su. Duk wata uku ka ɗauki kwamfutar da ba kowa a kanta, ka dawo da bayanan daga faifan ajiya, ka buɗe fayil ɗin wasu marasa lafiya ka gani da idonka. Ga fayilolin da ba sa sauyawa, kamar hotunan gwaje-gwaje, ka fitar musu da lambar tantancewa ta SHA-256 ka ajiye, domin da ita za ka gane in wani abu ya gurɓace a ɓoye bayan shekaru.

TAMBAYA: Ni uwa ce mai 'ya'ya a Kumasi. Na ɗauki hoton takardun gida da na gona da shaidar karatun yara da waya. Zan iya daina damuwa da takardun asali?

AMSA: A'a, Hajiya, takardun asali su ne hujja a gaban hukuma da kotu, hoton kuwa mataimaki ne ranar da aka nemi lamba ko kwanan wata, ko aka tashi neman sabuwa bayan asara. Takarda mai kyau tana cikin ma'ajiyoyi mafi daɗewa da ɗan Adam ya sani, kuma rubuce-rubucen Timbuktu masu ɗaruruwan shekaru da waɗanda ke Gidan Arewa a Kaduna shaida ne, ba sa kuma buƙatar na'ura kafin a karanta su. Maƙiyanta su ne gara da ruwa da wuta da laima, don haka ki sa su cikin akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗage shi daga ƙasa, nesa da bango mai tsatsa. Kada ki manne takardar asali cikin leda da zafi, domin ba a iya cire ta ba tare da ɓarna ba, kuma wasu ofisoshi ba sa karɓar wadda aka yi wa haka. Rasit ɗin POS da na banki da ake bugawa a siririyar takarda mai santsi suna kodewa cikin watanni, saboda haka duk wanda ya shafi biyan kuɗin fili ko na makaranta ki yi masa fotokwafi tun yana karantuwa.

Hotunan da ke wayarki kuma ki kai a yi musu sikanin mai kyau, gaba da baya, a ajiye a tsarin PDF ko JPEG, waɗanda kusan kowace na'ura ke buɗewa, sannan a sa kwafi a asusun intanet da kuma faifai ko kwamfutar wani ɗa da ke wani gari. Ki kuma yi tunanin magada. Waya mai kulle da asusun da ba wanda ya san kalmar sirrinsa sukan zama asara ga iyali bayan rasuwa. Google na da tsarin da mai asusu ke ambata mutanen da ya amince a ba su bayanansa idan ya daɗe bai shiga ba, sai ki sa babban ɗanki ya taimaka miki ki saita shi. Sannan ki rubuta a takarda inda kowane kwafi yake da yadda ake buɗe shi, ki rufe a ambulan, ki ajiye tare da wasiyyarki ko a hannun wanda kika amince da shi, kuma duk lokacin da kika sauya kalmar sirri ko lambar waya ki sabunta takardar.